Gwanjon Mujallun Zane a Lokacin Matsin Tattalin Arziki: Wa Ke Ci, Wa Ke Asara?





 Batun da aka ba ni shi ne yadda farashin tsofaffin mujallun labarin zane, da zanen hannu na asali da aka buga su daga gare shi, yake kasancewa a wurin gwanjo idan tattalin arziki ya shiga matsi. Na san akwai wanda zai ce a ransa: ana fama da tsadar masara, wa ya damu da takardun yaran Amurka? Ina roƙonsa ya ara mini kunnensa na ɗan lokaci. Abin da nake son tabbatar muku guda ɗaya ne. Idan kun ji an sayar da mujalla ɗaya a kan dala miliyan ana tsakiyar karayar arziki, wannan farashi yana nuna mana inda kuɗi suka taru ne. A ƙarƙashinsa akwai jama'a da yawa da suke sallama kayansu da asara, akwai kuma mai zanen da ya yi aikin bai ga ko kwabo ba.

Kayan da muke magana a kai iri biyu ne. Akwai bugaggiyar mujalla, wadda ake ba da labari a cikinta da jerin zane, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. A Amurka su ne su Superman da Batman da Spider-Man, a Beljiyam da Faransa kuma su Tintin da Asterix. Sai kuma zanen asali, wato takardar da mai zane ya zauna a kanta da fensir da tawada kafin a kai ta maɗaba'a. Ita wannan guda ɗaya ce tak a duniya. Mai kaya yakan kai wa gidan gwanjo, irin su Heritage da ke Dallas a jihar Texas, ko ComicConnect a New York, ko Artcurial a Paris. Kafin nan, in bugaggiyar mujalla ce, yakan aika da ita wani kamfani mai suna CGC a jihar Florida, wanda ya fara aiki a 2000. Su za su duba ta, su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10 gwargwadon lafiyar takardar, su rufe ta a akwatin roba. Daga nan ba mai sake buɗe ta ya karanta, domin wanda ya fasa akwatin ya zubar da makin. Ranar gwanjo masu saye su yi ta tayi har a buga guduma, wanda aka sallama wa kuma ya biya la'ada a kan farashin guduma.

Na farko: abin da ya faru daga 2008 zuwa 2012

Ranar 15 ga Satumba, 2008, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a New York. A wannan rana ce kuma gidan gwanjo na Sotheby's a Landan ya fara sayar da ayyukan wani mai fasaha ɗan Ingila, Damien Hirst, cikin kwana 2 aka tara fam miliyan 111. Wannan shi ne cinikin ƙarshe na zamanin wadata. Da aka buɗe manyan gwanjon zane a New York a watan Nuwamba, kaya da yawa sun koma wa masu su saboda tayi bai kai ba. Kasuwar hannun jarin Amurka ta yi ta gangarawa har Maris na 2009, lokacin da ta rasa fiye da rabin darajar da take da ita a Oktoban 2007. Rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, bankuna kuma suka karɓe gidajen miliyoyin iyalai da suka kasa biyan bashin jingina.

To, ku dubi abin da mujallun zane suka yi a wannan hali. A Maris ɗin 2009, watan da hannun jari ya kai ƙasa, an yi gwanjon kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1, mujallar 1938 da Superman ya fara fitowa a cikinta. Makinta 6 ne, aka saye ta dala 317,200. Ranar 22 ga Fabrairu, 2010, wani kwafin mai maki 8 ya tafi a kan dala miliyan 1, karo na farko da mujalla irin wannan ta kai haka. Kwana 3 bayan nan Heritage ta sayar da Detective Comics lamba 27, ta 1939, inda Batman ya fara bayyana. Guduma ta sauka a kan dala 900,000, da aka haɗa la'ada ya zama 1,075,500, alhali mai kayan dala 100 ya saye ta a shekarun 1960. Kafin Maris ya ƙare wani kwafin Action Comics mai maki 8.5 ya kai dala miliyan 1.5. A Nuwamban 2011 kuma, kwafin da aka sace daga gidan ɗan fim Nicolas Cage a 2000, aka gano shi bayan shekara 11, ya tafi a kan dala miliyan 2.16.

Turai ma haka. Wani zanen bangon littafin Tintin a Amurka, wanda Hergé, mai zanen Tintin, ya yi da hannunsa a 1932, an saye shi a Paris a Maris na 2008 a kan yuro dubu 760 da 'yan kai. A Yunin 2012, lokacin da bashi ya shaƙe Girka da Sifen, aka sake fito da shi, ya haura yuro miliyan 1.3.

Jaridu suka ɗauka, aka yi ta cewa tsohuwar mujalla ta fi hannun jari aminci. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ku ƙirga abin da na lissafa: ciniki nawa ne? Sunan mujalla nawa ne? Kwafi 5 ne na mujallu 2, da zane 1, a kasuwar da take da miliyoyin kwafi a akwatunan jama'a.

Na biyu: ƙarancin kaya ba a ƙirƙirarsa da gangan

Me ya sa Action Comics lamba 1 take da wannan tsada? An buga kimanin kwafi 200,000, ana sayar da kowanne santi 10. Takardar irin ta jarida ce mai saurin ruɓewa. Yara suka karanta, suka naɗe a aljihu, suka ba abokai aro. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, aka yi ta gangamin tattara tsofaffin takardu domin a sake sarrafa su, mujallu masu yawa suka tafi ta nan. Waɗanda suka tsira kuma iyaye mata suka share su da yaran suka girma. A yau masana kasuwar suna ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce kwafi 100 da wani abu ba. Rainin da aka yi mata a zamaninta shi ya jawo mata daraja, domin ba wanda ya ga dalilin adana ta.

Yanzu ku kwatanta da 1991. A lokacin labarin tsadar tsofaffin mujallu ya bazu, kowa yana son ya sayi sabuwa ya ɓoye wa 'ya'yansa. Kamfanoni suka fahimci haka. Marvel ta fitar da X-Men lamba 1 da zanen Jim Lee, da bango iri-iri domin mutum ɗaya ya sayi kwafi da yawa, aka sayar da fiye da miliyan 8. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya kashe Superman a labari, ya naɗe mujallar a baƙar leda, jama'a suka yi layi a ƙofar shaguna. Kowa ya sayi nasa, kowa ya adana cikin leda ba tare da ya lanƙwasa ko shafi ɗaya ba. To, wa zai saya daga hannun wa? Daga 1993 kasuwar ta fara zubewa, dubban shagunan mujallu suka rufe, a Disamban 1996 ita kanta Marvel ta je kotu ta bayyana cewa ta kasa biyan bashi. Wannan X-Men ɗin har yau 'yan daloli kaɗan ake sayar da ita.

Ku lura da shekarun. Tsakiyar shekarun 1990 lokaci ne da tattalin arzikin Amurka yake bunƙasa, amma a lokacin ne kasuwar mujallu ta faɗi. A 2009 da 2010 kuma ƙasar tana cikin wahala, manyan mujallu suna hawa. Ke nan lafiyar ƙasa da farashin guduma ba tafiya ɗaya suke yi ba, dole mu nemi dalili a wani wuri.

Na uku: su wa ke tayi, kuma daga ina kuɗinsu suke fitowa?

Shugaba, a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Farashin gwanjo mutum biyu ne suke yanke shi. Ko da mutum 500 ne a zaure da intanet, a ƙarshe biyu ne za su rage, kuma guduma tana sauka ne a daidai inda na biyun ya ja da baya. In ɗayansu bai halarta ba ranar, ko ya riga ya sami kwafinsa a bara, farashin zai tsaya can ƙasa. Saboda haka idan an ce mujalla ta kai dala miliyan, abin da aka tabbatar shi ne a wannan yammacin akwai attajirai biyu da suke sonta. Matsin da ya kori ma'aikacin masana'antar mota a Detroit daga aiki bai hana waɗannan biyun barci ba.

Hasali ma matsin yakan turo su kasuwar. A Disamban 2008 babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili, ya bar shi a nan har shekara 7. Mai dukiya ya duba: banki ba ya ba shi komai, hannun jari ya ƙone shi, gidaje sun faɗi. Sai ya nemi abin da zai iya riƙewa a hannu, wanda ba gwamnatin da za ta iya ƙara buga irinsa. Wasu suka tafi zinariya, wasu manyan zanukan Turai. Ai a Mayun 2010 ne aka sayar da wani zanen Picasso a kan dala miliyan 106.5. Wasu kuma, waɗanda suka tashi suna karanta Batman a yarinta kuma yanzu suka yi arziki, suka koma ga mujallun ƙuruciyarsu. Fina-finai suka ƙara wa wutar mai. A 2008 aka fito da Iron Man da The Dark Knight, a 2009 kuma, ana cikin matsin, kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4. Waɗannan jarumai sun tashi daga kayan yara sun zama babbar kadara, kuma takardar da kowannensu ya fara fitowa a kanta ta zama kamar shaidar haihuwarsa.

An maimaita wannan a lokacin annobar korona, har ya fi na farko ƙarfi. A Afrilun 2020 rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 14 cikin 100. Kamfanin Diamond, wanda a lokacin kusan shi kaɗai yake rarraba sababbin mujallu ga shaguna, ya tsayar da aiki na makonni. Amma kuɗin ruwa ya sake komawa kusan sifili, gwamnati ta raba wa jama'a kuɗi sau 3, dala 1,200 da 600 da 1,400, mutane kuma suna kulle a gida da waya a hannu. A Janairun 2021 Batman lamba 1 ta kai dala miliyan 2.22. A Satumba, Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962, mafarin Spider-Man, wadda santi 12 ne farashinta na asali, ta kai miliyan 3.6. Wannan karon har masu ƙaramin ƙarfi sun shigo. Da an ji raɗe-raɗin cewa wani jarumi zai fito a fim, sai mujallar da ya fara bayyana a ciki ta ninka cikin makonni.

Sai Maris na 2022, babban banki ya fara ɗaga kuɗin ruwa domin yaƙar hauhawar farashi, zuwa Yulin 2023 ya haura kashi 5 cikin 100. Kuɗin da suka shigo da gudu suka fita da gudu. Mujallu masu matsakaicin daraja da aka yi rububinsu a 2021 suka zube, wasu har ƙasa da rabin abin da aka saye su. Amma a Afrilun 2024 Action Comics lamba 1 mai maki 8.5 ta tafi a kan dala miliyan 6 a Heritage. Kun ga abin da nake nufi? Kasuwa ɗaya ce a suna, amma na sama da na tsakiya ba iska ɗaya suke shaƙa ba.

Bari in ƙara da wani abu da malamanmu na fiƙihu suka daɗe da sani. Shari'a ta halatta cinikin wa-zai-ƙara, amma ta haramta najash, wato mutum ya yi tayi ba da niyyar saye ba, sai domin ya ɗaga farashi ya ruɗi wani. A kasuwar da mutum biyu ke yanke farashi, kuma ciniki ɗaya ke zama ma'aunin sauran kwafin da ke duniya, tayin ƙarya guda ɗaya yana iya ɗaga darajar kaya masu yawa a takarda. Dokokin ƙasashen Yamma ma sun hana wannan, amma a gwanjon intanet, inda ba ka ganin fuskar abokin tayinka, gano shi yana da wuya. Duk mai karanta farashin gwanjo ya riƙe wannan a ransa.

Na huɗu: wanda dole ta sa ya sayar

A 2010 an ba da labarin wani iyali a kudancin Amurka da banki yake shirin karɓe gidansu. Suna cikin tattara kaya domin tashi, sai suka ci karo da Action Comics lamba 1 a cikin tsofaffin akwatuna. Aka ba ta maki 5, aka yi gwanjo, ta kawo dala 436,000, gida ya tsira. Na ji daɗin wannan labari, kuma kowa zai ji. Amma a shekarar, iyalai nawa ne suka buɗe nasu akwatunan, suka tarar da mujallun 1991 da 1992 da uba ya tara yana ganin ya yi wa 'ya'yansa tanadi, suka kai shago aka taya su da abin da bai kai kuɗin man mota ba? Su ba wanda ya rubuta labarinsu.

Kun san yadda kasuwar kara take a shekarar fari. Kowa ya koro dabbarsa lokaci ɗaya domin ya sayi hatsi, farashin saniya ya faɗi, mai kuɗi a aljihu ya zaɓi wadda yake so ya taya yadda ya ga dama. Haka mai mujallu yake idan aiki ya ƙare masa. Ba zai iya jiran babban gwanjon da za a yi nan da wata 4 ba, ba zai iya cewa albarka ba. Faɗuwar wani tashin wani.

Ko wanda ya sayar a gwanjo ma, adadin da jarida take bugawa ba shi ne yake shiga aljihunsa ba. A cikin dala miliyan 6 ɗin nan ta 2024, miliyan 5 ne farashin guduma, miliyan 1 la'adar gidan gwanjo ce daga mai saye. Ƙaramin mai kaya kuma yakan biya tasa la'adar daban, bayan kuɗin ba da maki da na inshora da na aikawa. In ya ci riba, harajin gwamnatin tarayyar Amurka a kan ribar irin waɗannan kaya yana kaiwa kashi 28 cikin 100. Duk shekarun da ya riƙe ta, mujallar ba ta kawo masa haya ba, ba ta haihu ba. Gidajen gwanjo kuma, kamar kowane ɗan kasuwa, cinikin da ya yi kyau suke shelantawa.

Na biyar: zanen asali da mai zanen

Wannan ɓangaren shi ya fi taɓa ni, kuma na san akwai masu zane a zauren nan.

Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga Cleveland, su suka ƙirƙiro Superman. A 1938 suka sayar da labarin farko mai shafi 13, tare da duk haƙƙin mallakar jarumin, a kan dala 130. Suka yi ta shari'a ba nasara, suka tsufa cikin talauci, idon Shuster ya kusa mutuwa. Sai a ƙarshen 1975, da 'yan'uwansu masu zane suka tayar da ƙura ana shirin yin babban fim, kamfanin ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara ya kuma mayar da sunayensu a kan aikin. A 2012 aka yi gwanjon cakin bankin da aka biya su dala 130 ɗin nan da shi, takardar cakin kawai, ta kawo dala 160,000. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A wancan zamani kamfanoni ba su ɗauki zanen asali a bakin komai ba. Da an gama bugu, sai a jibge shi a sito, ko a ba baƙo kyauta, ko a zubar. Jack Kirby, wanda ya haɗu da Joe Simon suka ƙirƙiro Captain America, ya kuma haɗu da Stan Lee suka fito da Fantastic Four da Hulk da X-Men, ya zana wa Marvel fiye da shafi dubu 10. Ya yi shekaru yana neman a mayar masa da takardunsa, a 1987 aka ba shi kimanin dubu 2. Sauran fa? Da yawa sun ɓace daga sito, wasu daga baya suka ɓullo a hannun masu tarawa.

Yau waɗannan takardu su ne suka fi komai jure wa matsi, domin ba su da na biyu. Mujalla mai maki 9 tana iya samun kishiya gobe in an buɗe wani tsohon akwati, shafin asali kuwa ba shi da ita. A Mayun 2011 shafi ɗaya na Frank Miller daga labarin Batman na 1986 ya kai dala 448,125. A Janairun 2021, ana tsakiyar korona, wani zanen bango da Hergé ya yi a 1936, wanda mawallafinsa ya ƙi bugawa saboda tsadar launukan, ya kawo kusan yuro miliyan 3.2 a Paris. A Janairun 2022 shafi ɗaya na Mike Zeck daga 1984, inda aka nuna yadda Spider-Man ya samu baƙaƙen kayansa, ya kai dala miliyan 3.36. Kuma da yake masu zane da yawa yanzu a kwamfuta suke aiki, ba takardar da suke bari, tsofaffin sai ƙara ƙaranci suke yi.

Mene ne rabon mai zane in takardarsa ta riga ta bar hannunsa? A Amurka babu dokar tarayya da ta ba shi ko santi ɗaya. Faransa tun 1920 ta yi dokar da ta ba mai zane da magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001. Amma kason yana farawa ne daga kashi 4 cikin 100 yana raguwa yayin da farashi yake hawa, kuma ba ya wuce yuro 12,500 komai tsadar cinikin. A ganina wannan ya yi kaɗan ƙwarai, amma ya fi babu, kuma Amurka, inda mafi yawan wannan ciniki yake gudana, ba ta da hujjar rashin yin irinsa.

Akwai wata hanyar kuma da ta burge ni. A 2008 wani mutum da ya ƙi a faɗi sunansa ya ɗauki zanen asali na Amazing Fantasy lamba 15, aikin Steve Ditko, ya ba babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka kyauta. Da ya kai gwanjo da ya kwashi dukiya. Yanzu ɗalibi yana iya neman izini ya je ya ga yadda tawadar ta zauna a kan takarda.

Na shida: abin da ya shafe mu

Ba zan ce muku akwai irin wannan kasuwa a Kano ko Zariya ba. Amma mun ga yadda zanen Tutu na Ben Enwonwu, da aka gano a wani gida a Landan, ya kawo fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams a Fabrairun 2018, ba da jimawa ba bayan matsin da Najeriya ta shiga a 2016. Aikin ɗan ƙasarmu ne, a waje aka yanke masa farashi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, shekarar da Batman ya fito. Gidaje nawa ne suke da bugunta na farko? Littattafan soyayya na kasuwar Kano a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 da hannu aka zana bangon da yawa daga cikinsu. Ina waɗannan takardu suke yau, kuma wa ya rubuta sunayen masu zanensu?

Roƙona ga masu zane shi ne ku karɓi zanenku na asali daga maɗaba'a bayan bugu, ku sa hannu da kwanan wata, ku rubuta yarjejeniya ko da da ɗan'uwa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta tanadi rabon mai zane idan an sake sayar da aikinsa ta gwanjo ko ta dillali, ku nemi lauya ya yi muku bayaninta. Masu tsofaffin jaridu da littattafai a gida, ku ɗauke su daga ƙasa ku tsare su daga gara da damshi, in kun kasa ku kai su wurare irin Arewa House a Kaduna. Matasanmu kuma da suke ganin waɗannan miliyoyi a waya suna sha'awar sayen mujallu a intanet da sunan jari, ku tuna da dala za ku biya, da la'ada, kuma mujallar da aljihunku zai iya saye tana cikin rukunin da ya zube a 1993 ya sake zubewa a 2022. In labarin da zanen kuke so, ku saya ku karanta.